Ranar da Muka Ari Arziki

Ƙanena yanzu ofis gare shi a Fatakwal, da fanka a sama, da masinja a bakin ƙofa. In na je ganinsa, masinjan sai ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya nuna mini benci, wai oga yana aiki. Ni kuwa in zauna, ba na gardama da mai kaki. Amma a raina cewa nake, kai dai tsaya nan, wannan ogan naka ni na kusa hana shi zama oga, ni kuma na gyara, duk a yini ɗaya, tsakanin hantsi da la'asar.

A Anacha aka haife mu, a unguwar Hausawa, cikin wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da rijiya ɗaya. Namu ɗaki biyu ne. Baba ɗinkin buhu yake yi a kasuwar Ochanja. In motocin albasa da wake suka iso daga Arewa, duk buhun da ya fashe a hanya shi ake jibge wa, ya zauna da basilla da zare ya yi ta faci. Warin albasa ya kama hannunsa har sabulu ya haƙura.

Ni a aji huɗu na bar makaranta. In ana hira nakan ce ƙanena na bar wa, don Baba ba zai iya da mu biyu ba. Gaskiyar magana lissafi ne ya koro ni. Daga nan na shiga duniya. Na yi karen mota tsakanin Anacha da Inugu, na yi tallan tsire a kasuwar Creek Road ta Fatakwal, na yi dakon kifi, har gadi na yi, aka sallame ni saboda barci. Duk inda na yi wata uku sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Amma na iya buroka, wato Turancin kasuwa, na iya Ibo, kuma a ganina babu abin da ya shige mini duhu a harkar gwamnati.

Shi ƙanena ba haka yake ba. Shiru-shiru ne, yana cin jarrabawa kamar yadda nake cin gyaɗa. A sakandare ma saboda ƙoƙarinsa aka yafe masa kuɗin makaranta. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba ya ci jarrabawar shiga sabuwar jami'ar da gwamnati ta buɗe can gaba da Inugu. Unguwa ta ɗauka, mata suka yi ta guɗa. Da guɗar ta lafa aka tuna cewa a can ma ana cin abinci, ana kwana a gado, ana sayen littafi, kuma basilla ba za ta ɗauki wannan ba.

Akwai wani maƙwabcinmu, ma'aikacin gidan waya, Kirista ne daga kudancin Zariya, Kawu muke ce masa. Shi ya ce akwai ofis a Inugu da ke ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa hali. Shi ya samo takarda, shi ya cike ta. Gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, in ƙanena bai samu ba, to jami'a sai dai ya ji labarinta. Bayan 'yan makonni amsa ta zo, cewa ranar Alhamis wani jami'i zai zo ya ga gidan da halin da iyaye ke ciki. A makon nan kuwa Kawu ya tafi garinsu jana'iza. Da yana nan da ba a yi abin da aka yi ba. Ni ne nake nan, ban daɗe da dawowa daga Fatakwal ba.

To, a unguwarmu akwai ƙa'ida, ba a rubuta ta ba amma kowa ya haddace: baƙo ba ya ganin rashin mutum. In surukai za su zo, ko wani daga gida Arewa, kowa ya san abin da zai bayar aro. Mai gidan hayarmu, wani Alhaji mai fataucin goro, kujerun kushin gare shi guda huɗu, kuma kujerun nan sun fi ni sanin ɗakunan unguwar. Ana kawowa da safe, kafin magariba a mayar. Da haka muke zaune a garin mutane asirinmu a rufe.

Ranar da amsar ta zo, bayan sallar azahar aka zauna a zauren Alhaji, ƙanena ya karanta takardar ya fassara. Alhaji ya gyara zama ya ce, “Ai na gane. Jami'a ba wurin ɗan kowa da kowa ba ce. So suke su ga daga wane irin gida yaro ya fito. Kamar neman aure ne, sai an yi bincike.”

Dattawa suka ce haka ne. Baba ma ya gyaɗa kai.

Ƙanena ya ce, “Baba, ai takardar cewa ta yi...”

Baba ya ce, “Manya suna magana.”

Da muka fito ya kama hannun rigata. “Yaya, ba haka ba ne fa. Talauci za su zo gani.”

Na ce, “Kai, rufe mana baki. Ka taɓa jin gwamnati ta taso mutum tun daga Inugu, ta biya masa mota, don ya zo kallon talauci? Talauci ai a tasha ma zai gan shi kyauta. Ni na yi yawo, na san mutanen nan. Mai shi suke ƙara wa. In suka ga tabarma a ɗakinmu, ka gama.”

“Yaya, wallahi...”

“Kai ka san littafi, ni na san duniya. Bar mini wannan.”

Ya bar mini. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na ranar Alhamis ɗin nan ba. Tun da asuba na fara dako. Kujerun Alhaji huɗu, da dardumarsa, da agogon bangonsa mai kaɗa ƙararrawa. Matar Kawu ta ba da rediyo, da hoton wani tafki cikin gilas. Wani tela ya ba da labule. Matan unguwa suka kwaso kwanonin jerensu suka cika bangon ɗakin Inna, har ita kanta ta tsaya tana kallo kamar ta shiga ɗakin amarya. Wani mahauci ya kawo sabon kekensa aka jingine a bakin ƙofa, da sharaɗin kada kowa ya taɓa ƙararrawar. Tabarminmu da buhunan Baba na naɗe na cusa a bayan madafa. Aka yanka kaza biyu.

Baba kuma aka zura masa babbar rigar Alhaji mai aiki har ciki, aka ɗora masa hula. Rigar ta yi masa yawa. Ya zauna a bakin kujera, a ɗofane, kamar wanda ya zo karɓar hukunci.

Da hantsi jami'in ya iso. Ibo ne, siriri, da tabarau, da laima a hannu ɗaya, fayil a ɗayan. Ba ya jin Hausa, Baba kuma burokarsa ta ciniki ce kawai, sai na naɗa kaina tafinta. Ƙanena aka ce ya tsaya daga gefe ya sunkuyar da kai, a ga tarbiyya.

Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi keke, ya dubi takardarsa, ya tambaya ko nan ne gidan. Na ce nan ne, oga, shigo. Ya shiga, ya nutse cikin kushin, ya dubi agogo, ya dubi rediyo, ya buɗe fayil ya fara rubutu. Ni kuwa duk layin da ya ja sai in ji daɗi, in ƙyafta wa ƙanena ido.

Ya tambayi sana'ar Baba.

Baba ya ce, “Ce masa muna ɗan taɓa harkar buhu.”

Alhaji, wanda ya zo a matsayin shaida, ya ce, “Wane ɗan taɓawa? Ce masa a Ochanja kaf babu wanda ya kai shi a buhu.”

Na juya da buroka na ce Baba shi ne babban dilan buhu na Ochanja, har daga Inugu ana zuwa wurinsa. Inugun ni na ƙara, don na ga maganar tana son gishiri.

Ya tambaya keken na wane ne. Na ce na ƙanena ne, na zuwa masallaci. Ya tambaya sau nawa muke cin nama. Na yi dariya na ce, oga, sai dai ka tambayi sau nawa ba ma ci. Daidai nan aka shigo da shinkafa da kaji. Ya ci sosai, ban ga laifinsa ba.

Da ya wanke hannu ya cire tabarau, ya dubi Baba ya yi wata tambaya a hankali. Ya ce in gwamnati ba ta taimaka ba, Baba zai iya ɗaukar nauyin yaron? Na fassara. A lokacin ƙofar ɗakin cike take da maƙwabta, har ta taga ana leƙe. Baba ya dubi mutanen, ya dubi hannun rigar da ba tasa ba, ya ce, “Alhamdu lillahi. Ce masa asirinmu a rufe yake.”

Na ce, oga, babana ya ce ko yara goma ne zai iya.

Na ji ƙanena ya ja wani dogon numfashi a bayana. Na ɗauka daɗi ne.

Aka haɗa wa baƙo goro da ƙwai a ƙwarya, aka ce in raka shi tasha. Muna tafe ina riƙe masa laima, ina ba shi labarin Fatakwal. Sai ya dafa kafaɗata ya ce mun sauƙaƙa masa aiki. Ya ce jiya wani gida ya je, uban makaho ne, ruwa na zuba ta rufi, ya rasa yadda zai yi, ga yara da yawa ga gurbi kaɗan. Amma namu babu wahala, zai cire sunan ƙanena ya ba wani. Har ya ce in gaishe da Baba, irinsa ake so, masu tsayawa da ƙafarsu.

Na tsaya cak a tsakiyar titi, wani mai amalanke ya zage ni.

Na ce, oga, tsaya, wannan taimakon na wane ne? Ya ce na wanda ba shi da komai mana, ai a rubuce yake a takardar. Na ce to mu ne. Ya yi dariya. Na rantse masa da Allah, na rantse da Ibo, na rantse da buroka. Ya ce shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa, kuma idonsa ya ga agogo mai ƙararrawa.

Muka iso tasha. Motar Inugu tana tsaye, mutane zaune a ciki, karen motar yana ihu saura biyu, saura biyu. Jami'in ya ɗaga ƙafa zai hau. Nan ne kawai a rayuwata yawon da na yi ya yi mini rana. Na riƙo shi na ce, oga, motar nan ba za ta tashi ba sai bayan la'asar. Ya ce ba ka ga ta cika ba? Na ce dubi na gaban nan mai jar hula, da na kusa da shi, da waɗancan uku na baya. Ka ga kaya a hannunsu? 'Yan tasha ne, zaunar da su ake yi don mota ta yi kamar ta cika. Fasinja na gaske ya hau, ɗaya daga cikinsu ya sauka ya zagaya. Na yi aikin nan, na sani.

Ya tsaya yana kallo. Wata mata ta hau da kwandonta, mai jar hula ya sauka kamar zai je fitsari, bai dawo ba.

Na ce, to gidanmu ma haka ne. Duk abin da ka gani zaunar da shi aka yi.

Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau. Sannan ya ce in ƙarya nake zai haɗa ni da 'yan sanda. Na ce na yarda, ai mun saba.

A hanyar komawa ban yi hira ba. Na san abin da zan yi wa Baba. Na kuma san in na tsaya tunani ba zan yi ba, shi ya sa na ƙara sauri har mutumin yana haki.

Tun daga bakin layi muka fara gamuwa da gidanmu yana tafiya. Ga kujera ɗaya a kan wani, ƙafafunta a sama. Ga matar Kawu rungume da rediyo. Ga mahauci yana tura kekensa yana goge sirdin da hannun riga. Mata a jere, kowace da kwanoninta, ana gardamar murfin wace ce wannan. Agogon ya wuce mu a kafaɗar tela, yana kaɗa ƙararrawa shi kaɗai. Duk wanda ya gan mu sai ya daskare. Wata tsohuwa ta juya za ta mayar da labule, na ce, “Iya, bar shi, an riga an gani.”

Muka shiga. Ɗakin ya koma ɗakinmu, har kamar ya ƙara faɗi. Baba yana zaune a tabarma da 'yar shara, buhu a cinyarsa, basilla a hannu, yana rama aikin safiya da baƙo ya cinye masa. Rigar Alhaji tana ninke a gefe. Ƙanena yana rakuɓe a lungu, idonsa jawur.

Baba ya ɗago ya ga jami'in. Sannan ya dube ni. Na sha duka a hannun Baba ba adadi, amma da za a ba ni zaɓi da na ɗauki dukan a kan wannan kallon.

Babu kujerar da za a ba baƙo. Inna ta kifa turmi, ya zauna a kai, ya buɗe fayil. Maƙwabta suka dawo bakin ƙofa, kowa da kayansa a hannu. Alhaji ma ya iso yana cewa, “Subhanallahi! Wane ɗan banza ne ya dawo da shi?”

Na buɗe baki zan yi tafinta, ƙanena ya ce, “Yaya, ya isa haka.” Ya matso ya durƙusa a gaban Baba. “Baba, taimakon na marasa hali ne. In ba ka faɗa da bakinka ba, ba zai rubuta ba. In kuma ba ka so, wallahi na haƙura, gobe in bi ka kasuwa.”

Baba ya ja zare ya ƙarasa ɗinkin da ya fara, ya ƙulle, ya datse da haƙori. Sannan ya ɗaga basillar sama yadda na bakin ƙofa ma za su gani.

Ya ce, “Gaya masa ya rubuta. Buhun mutane nake faci. Ba ni da komai sai wannan, da yaran nan biyu. Ɗayan ma ba shi da amfani.”

Ƙanena ya fassara da Turancinsa mai kyau. Na lura bai tsallake ƙarshen ba.

Jami'in ya yage shafin farko ya cusa a aljihu. Ya dubi ɗakin ya yi rubutu, bai daɗe ba, don babu abin rubutawa da yawa. Da zai tashi ya ce wa ƙanena ya gaya wa Baba, shi ma a ƙauyensu in malamin coci zai zo, uwarsa faranti take arowa. Baba ya ce, “Allah sarki.” Bai ɗago ba. Mutumin ya so ya bar ƙwaryar ƙwai, Inna ta ce kyauta ba ta dawowa, dole ya tafi da ita.

Takarda ta zo kafin ƙarshen damina, an ɗauki nauyin ƙanena har ya gama. Ni na ɗaukar masa akwati zuwa Inugu. A tasha ya ce, “Yaya, na gode.” Na ce, “Ai na gaya maka ka bar mini.”

A unguwa kuwa na zama wanda ya tona wa ubansa asiri a gaban baƙo. In na zo wucewa ta zauren Alhaji sai a yi shiru. Baba ya daina yi mini magana. In na gaishe shi ya amsa, daga nan babu ƙari. In yana son abu sai ya ce wa Inna, “Gaya wa wancan.” Ya daina zama hira bayan sallah, daga masallaci sai gida. Na koma Fatakwal, na dawo, na tafi Inugu, na dawo, ina nan dai a wancan.

Shekara ta zagayo. Labari ya bazu cewa ɗan mai ɗinkin buhu yana jami'a, gwamnati ke ci da shi, har gado da katifa. Sai ga ɗan Alhaji na uku shi ma ya ci jarrabawar. Sai ga takarda, jami'i zai zo ranar Alhamis.

Ranar da asuba na ji ana buga mana ƙofa. Na buɗe, sai ga kujerun kushin huɗu a tsakar gida, da darduma, da agogo. Alhaji da kansa yana tsaye, yana murza carbi, yana kallon rijiya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce wa Baba ko za a ajiye masa kayan nan zuwa magariba, ɗakinsa ya yi ƙunci. Ya ɗan yi tari. Ya ce kuma in da wata tsohuwar tabarma da ba a amfani da ita.

Baba ya ce, “Haba Alhaji, ai an zama ɗaya.”

Aka shigo da kujerun. Baba ya zauna a ɗaya, wannan karon har ya jingina, ya miƙe ƙafa. Ya daɗe yana kallon agogon. Sannan ya juyo ya dube ni, ni ɗin nan, ba ta bakin Inna ba.

Ya ce, “Kai, ɗauki tabarmar nan ka kai masa. Ba wannan ba, waccan mai ɓulin. Ka haɗa da turmin.”

Na naɗe tabarma na saɓa turmi. Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, “In ya ce ka yi masa tafinta, ka yi.”